Gwangwanin Irin Alayyahu

Gwangwanin bai cika tafin hannu ba. Irin na man zafin nan ne, fentin duk ya goge, murfin sai an sa farce yake buɗuwa. A ciki Gwaggo ke ajiye irin alayyahun da ta taho da shi daga Kano, daga bayan ɗakin mahaifiyarta, wato kakata, wadda kowa ke kira Inna. Sunan Inna aka sa min, shi ya sa Gwaggo ba ta taɓa kama sunana ba. "Uwata" take ce min, tun ina goye har yau da furfura ta fara leƙo ni.

Gwaggo yayar babana ce. Shekara da shekaru tana zaune a Lozells, a Birmingham, a gida mai ɗan fili ta baya. Kowace shekara sai ta shuka alayyahun nan, ta ci ganye, ta bar wasu su fid da kai, ta murje, ta mayar da sabon iri cikin gwangwani. Gidan Kano kuwa tuni aka raba gado, aka malale inda Inna ke shuka da siminti. Abin da ke cikin gwangwanin nan shi ke nan, babu wani a ko'ina. Yana da alamarsa: tsakiyar kowane ganye akwai ɗan ja, kamar an ɗiga masa lalle.

Da gwiwoyinta suka ƙi, council, wato hukumar gari, suka ba ta flat a Perry Barr, hawa na huɗu, ko ƙasar cika cokali babu. Sai ta aiko in zo. Ni a Manchester nake, a Moss Side, kuma ina da allotment, ɗan filin noman nan da ake ba mutum haya a bayan gari. 'Ya'yanta uku duk suna Birmingham, amma ni ta damƙa wa gwangwanin.

Ta ce, "Uwata, ki raba shi uku. Kashi ɗaya ki shuka. In bai yi ba, ki sake da na biyu. Na ukun kuwa, ko gobara ake yi ba a taɓa shi. Haka Inna ke yi. Kuma kar ki yi gaggawa, sai sanyi ya tafi sarai, sai ranar da kika fita ba ki nemi rigar sanyi ba."

Na ce, "Haba Gwaggo, ni za a koya wa shuka? Ba ki ga tumatirina na bara ba?"

Ta yi dariya ta ce ta gani. Wallahi duk lokacin da na tuna bakina a ranar nan sai in ji kamar in tona rami in shige.

Wanda bai yi hunturu a ƙasar nan da hannu mai ƙaiƙayin ƙasa ba, ba zai gane ba. Ƙarfe huɗu gari ya yi duhu. Allotment ya koma caɓi, ka je ka tsaya ka dawo da takalmi mai nauyi. To me mutum zai yi? Sai ka zauna a ɗaka kana ƙirƙiro wa kanka aiki. Na wanke tukwanen shuka har sau biyu. Na yayyanka robobin yogot na yi alamomin da ake cakawa a ƙasa. Na zana filin nawa a takarda, nan kabewa, nan albasa, na yaga na sake. Na jera ambulan ɗin iri a kwalin takalmi, na bi su da haruffa. Maigidana ya leƙo ya ce, "Wannan gona ta takarda, yaushe za mu ci amfaninta?" Na ce ya fita min daga ido.

Akwai kuma group ɗinmu na waya, matan da ke ɗan taɓa shuka daga Manchester har Birmingham. A watan Janairu wata matar likita ta fara sako hoton attaruhunta da ya tsiro a bakin taga. Kullum hoto, kullum "Masha Allah, hannunki akwai albarka." Attaruhu dama da wuri ake fara shi a ɗaka, na sani sarai. Alayyahu ba haka yake ba, shi ma na sani. Amma abin ya tsaya min a wuya. Na ce wannan da a shago ta sayi irinta ake ta kambamawa, ni da nake riƙe da abin da ba mai shi?

Ranar wata Asabar na buɗe gwangwanin. Irin baƙi ne siɗik, mitsi-mitsi, ko riɗi ya fi shi girma. Kuma kar a ce na manta da maganar Gwaggo, ban manta ba. Na zazzage shi a farar takarda, na sa wuƙa na raba uku kamar yadda ta ce. Na barbaɗa kashi ɗaya a faranti ɗaya. Sai na dubi tagar falo, doguwa ce, faranti uku take ɗauka. Na hango yadda hoton zai yi kyau in ta cika fal da kore daga wannan gefe zuwa wancan. Na zuba na biyu. Na tsaya jim. Na zuba na uku, har da ƙwanƙwasa gindin gwangwanin kar a bar komai.

Hitar ɗumama ɗaki na ƙarƙashin tagar, don haka kwana biyar suka fito, lif kamar darduma. Na ɗauki hoto na tura, na rubuta cewa irin kakata ne daga Kano. Yabo ya yi ta zuba. Matar likita ma sai da ta ce in sam mata. Na kwana biyu ina tafiya a gidan nan kamar wadda aka naɗa wa sarauta.

Daga nan suka fara miƙewa suna neman rana, ranar da babu ita. Suka yi tsawo, sirara kamar zare, fari fat. Suka kwanta. Na ƙara ruwa, ashe ƙara kashe su nake. Wata farar fumfuna ta rufe ƙasar. Na jawo fitilar karatu na haska musu, na yi ta juya farantan, na balbale maigidana da faɗa wai shi ya buɗe taga iska ta buge su, bawan Allah ko kusa da tagar bai je ba. Kafin mako biyu babu ko ɗaya a tsaye. Na kwashe ƙasar na kai bola da kaina, ban bari kowa ya gani ba.

Duk Juma'a Gwaggo na kira. "Uwata, kin dai adana irin?"

"Yana nan, Gwaggo."

Haka na yi ta faɗa har sanyi ya wuce.

A allotment akwai wani dattijo ɗan Jamaica da filinsa ke jikin nawa. Su ma suna cin alayyahu, da sunansu na daban. A watan Mayu na roƙe shi iri, ya ba ni cike da hannu bai tambaye ni komai ba. Na shuka, ya yi kyau har ya ba ni haushi: ganye fala-fala, kore shar. Babu ɗigon ja ko ɗaya. Na bi ganye ɗaya-ɗaya ina dubawa kamar mai neman allura.

Duk da haka na yanka na cika jaka na kama hanyar Birmingham. Gwaggo ta zaro reshe ɗaya, ta kai kusa da taga, ta juya ganyen gaba da baya. Ta daɗe.

"Daga kashi na farko ne wannan?"

"Na farko ne."

Ta ce, "To. Ƙasar Manchester ke nan, ta wanke masa jan."

Ƙofar faɗin gaskiya ta buɗe min, yanzu na gane. Da na ce "A'a Gwaggo, ba ƙasa ba ce, ni ce," da an yi kukan an gama. Sai na ce, "Wallahi kuwa, ƙasar can sai a hankali." Har da wallahi! Ta yi mana fate da shi, ta ci loma uku ta ce ta ƙoshi. Ni na cinye nawa tas, don ban san inda zan sa idona ba in ba a cikin kwano ba.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa dai ta yi, har da yawa. Da kaka ta yi alayyahun ya fid da kai, Gwaggo ta ce in busar in kawo mata, tana so ta raba wa jikokinta, ko ba su shuka yanzu ba wata rana za su nema.

Na kai a Disamba. Ana yayyafi a waje, mu biyu a kan kafet, hita na aiki. Ta ɗauko faifanta. Muna murza kawunan a tafin hannu, tana ɗan karkata faifan tana hurawa a hankali, ƙaiƙayin na tashi, baƙin irin na gangarowa gefe. Ko ƙwaya ba ta zubar ba. Ta raba a ƙananan ambulan guda bakwai, ta tura min su da biro.

"Rubuta musu, hannunki ya fi nawa kyau."

Na ɗora biro. Na rubuta "Alayyahun", na ɗaga hannu zan sa "Inna". Sai ta dafa min hannu. Ba da ƙarfi ba.

"A'a. Kar ki jingina wa Inna abin da ba nata ba. Sa na Manchester."

Ban ɗago ba. Na ajiye biron. Na buɗe baki, ta riga ni.

"Tun Juma'ar farko na ji a muryarki. Ina ta jira ne ki faɗa da bakinki."

Na ce, "Gwaggo, duka na zuba. A Janairu. Don in ɗauki hoto."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta kakkaɓe faifan a gwiwarta, ta miƙe da ƙyar tana dafa kujera. Na rubuta ambulan bakwai ɗin, "Alayyahun Manchester", ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɓata min tawada.

Da zan tafi ta rako ni har bakin ƙofa, ta gyara min mayafi kamar kullum.

"Uwata," ta ce, "in za ki dawo, ki taho min da gwangwanin. Shi kaɗai ya rage."