Ranar da Inna ta daina yi wa bishof magana

Na tsufa, na manta abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in faɗa kan wanda nake nema. Amma zuwan yayana garinmu Farin Dutse, wannan kam ba zan manta ba sai ranar da ƙasa ta rufe idona.

Ni ban taɓa ganinsa ba kafin wannan zuwan, don an sace shi tun ba a haife ni ba. Shi ne ɗan farin Inna. Yana ɗan yaro mahara suka sauko daga duwatsu da kaka, suka kwashe mutane a gonaki, har da shi. Baba ya yi nema har Birnin Kudu, har gaba da can, bai samu ko labari ba, haka ya rasu. Mu da muka zo daga baya, iyakar saninmu akwai wani a gabanmu. Ko sunansa ban sani ba. Gidanmu akwai jinin Fulani, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu: ba a faɗar sunansa, ba a kallon idonsa, ba a zama hira da shi.

Ina da 'ya'yana manya, ina zaune kusa da Inna bayan rasuwar mijina, sai ga Kawu ya dawo daga kasuwar Birnin Kudu da baƙo. Wai baƙon tare da fataken goro ya hauro daga kudu, yana ta tambayar hanyar garinmu. Dogo ne, da furfura a gemu, da tsagar gidanmu a kumatu. Hausarsa kuwa abin dariya, kamar mai tauna tsakuwa.

A zauren Kawu ya ba dattawa labarinsa, mu mata muna saurare ta bayan zana. An yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ƙasar Nupe, har bakin teku. Aka zuba su a jirgin ruwa, sai wani jirgin Turawan Ingila ya tare nasu, ya sauke su a wata ƙasa ta 'yantattun bayi. A can ya yi karatu, ya karɓi addinin Kirista na ɗarikar Angalikan. Ya koyar da yara, ya zama limamin coci, ya yi shekaru yana bin garuruwan bakin kogin Kwara cikin kwalekwale, har aka naɗa shi bishof.

Limamin garinmu ya ce, "Mene ne kuma bishof?"

Ya ce, "Malam, shi ne mai kula da limamai, shi ke naɗa su, shi ke raba musu gardama."

Wasu suka fara gunaguni, wai ɗan Musulmi ne ya dawo da wani addini. Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Ba shi ya kai kansa ba, kai shi aka yi. Mutum ya zo neman uwarsa, ku bar shi ya gan ta."

To, ita Inna an taɓa kawo mata wani mai irin wannan tsagar, ta sa rai, ashe ba shi ba ne. Tun daga nan ta rufe zuciyarta. Da aka shigo da wannan, sai ta shimfiɗa masa tabarma, ta dube shi ido cikin ido, ta ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah. Yaya hanya?" Ta zauna tana ta jan sa da hira. Ta tambaye shi ko gaskiya ne ruwan teku gishiri ne, ta yi dariyar Hausarsa har da riƙe ciki. Shi kuwa murna kamar ya tashi sama. Ya same ni a bakin rijiya ya ce, "Ƙanwata, kin gani? Uwata ta karɓe ni." Na ce masa to. Me zan ce? Ni na san tunda take kallon fuskarsa tana dariya, baƙo ta ɗauke shi. Ga shi kwanakinsa kaɗan ne, don da fataken sun sayar da goronsu za su juya, kuma ba ya iya bin wannan hanyar shi kaɗai.

Ana cikin haka, wata rana da la'asar Inna tana dama fura a tsakar gida, shi yana zaune a gefe. Ya ƙura wa ƙwaryar ido, ya daɗe. Can sai ya ce, "Inna, akwai wata ƙwarya mai tsagewa a baki, kin ɗinke ta da zaren kaba. A ciki kika zuba fura, kika ce in kai wa Baba gona, kada in tsaya wasa. Ban tsaya wasa ba, Inna. Amma furar ban kai ba."

Ludayin ya suɓuce daga hannunta. Ba wanda ya san ita ta aike shi ran nan, ko Baba ba ta taɓa faɗa wa ba. Shekara kusan arba'in tana ɗauke da abin ita kaɗai. Ya sunkuya zai ɗauko mata ludayin, sai wani ɗan gicciye da yake ratayawa ya fito daga cikin rigarsa yana lilo. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙe, ta shige ɗaki.

Daga wannan lokacin ba ta ƙara ce masa uffan ba. In ya shigo tsakar gida ta juya wa bango fuska. In ya gaishe ta sai ta amsa can ƙasa, kamar da ƙasar take magana. Ni kuwa farin ciki ya cika ni, na shiga gari ina gaya wa mata cewa yayanmu ne, Inna ta tabbatar. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa shi wani abu daban yake gani.

Da hantsin ranar da fatake suka aiko cewa za su tashi, na kai masa abinci zaure, na tarar ya ɗaure kayansa, idanunsa jajur. Mutumin da ya tsaya gaban sarakunan bakin kogi ya yi magana ba tsoro, ga shi zaune kamar maraya.

Ya ce, "Ki gaishe mini da ita. Ba zan shiga in ƙara ɓata mata rai ba. Ta ga abin da ke wuyana, ta sallama ni. Ba zan iya cire shi ba, kuma ba zan ga laifinta ba."

Wallahi dariya ce ta fara kuɓuce mini, hawaye suka biyo baya. Na ce, "Haba Yaya! Gicciyenka tun ranar da ka sauka yaran gari suka kai mata labarinsa, bai hana ta hira da kai ba. Bari in tambaye ka. Da kana yaro, ka taɓa jin Inna ta kira sunanka?"

Ya ce, "Kaka ce ke kirana. Inna sai dai ta ce, kai yaron nan." Ya ɗago kai a hankali. "Na sha neman muryarta tana faɗar sunana, ban samu ba. Na ɗauka shekaru ne suka goge mini."

Na ce, "Ba abin da aka goge maka. Kai ne ɗan fari. Duk hirar nan da dariya, da baƙo take yi. Ranar da ta rufe maka fuska, ranar ta karɓe ka."

Bai gama yarda ba, na gani a idonsa. Sai na kama hannun rigarsa na ja shi har bakin zanan ɗakinta. Ya durƙusa a nan ya ce, "Inna, zan tafi." Shiru. Na san taurin kan tsohuwar nan, kuma na san ba za su sake haɗuwa ba.

Sai ga hannunta ya turo ƙwarya ta ƙarƙashin zana, cike da fura, an rufe da faifai. Ta kira sunana, ba nasa ba, ta ce, "Ki gaya wa yayanki, ni na aike shi, ya yafe mini. Ki ce masa ya sha wannan, aiken ya isa."

Ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, yana sha yana kuka, har ya shanye. Ya ce, "Ki gaya mata ba ta yi mini komai ba." Na tsaya tsakaninsu ina kai magana ina dawo da ita, alhali kowa yana jin kowa.

Ya bi fatakensa ya tafi da ƙwaryar a cikin kaya. Inna ta rasu da daminar da ta biyo baya, kuma tun tafiyarsa ban ƙara ganin ta zauna ta yi tagumi ba, kamar yadda ta saba yi duk lokacin kaka. Shi kuwa muka riƙa jin labarinsa a bakin masu goro, wai ya gina makarantu, wai yana fansar bayi yana mayar da su garuruwansu, har aka zo mana da labarin rasuwarsa.

Abin da na koya a ran nan shi ne, kada ka yanke wa mutum hukunci da shirunsa sai ka san gidan da ya fito. Saura kaɗan yayana ya koma bakin teku da baƙin cikin uwa ta ƙi shi, alhali a duk duniya ba ta da wanda take so har ta kasa faɗar sunansa sai shi.