Manja da Ƙwayar Idon Ƙanena

Shekarar da aka ce za a tura mutum ɗaya daga ƙaramin asibitinmu na Gulma zuwa kwas a Birnin Kebbi, har ɗinki na kai wa tela. Ni ce babbar nas a wurin, na fi kowa daɗewa, to wa za a tura in ba ni ba? Sai ga takarda ta fito da sunan wata yarinya da ta zo hannuna ko jijiya ba ta iya nema ba. Ni na koya mata sa wa majinyaci ruwa, ni na koya mata yadda ake lallashin tsohuwa ta yarda da allura. Na yi mata murna da baki, amma cikina kishi ne fal, ba zan ɓoye ba.

Kwas ɗin wai na gane mutumin da makami mai guba ya taɓa ne, irin wanda muke ji a rediyo a ƙasashen da ake yaƙi. Da ta dawo sai na samu abin tsokana. In ta shigo da safe in ce, "Likitar yaƙi, yau bam nawa anka jefa Gulma?" Ta yi murmushi ta wuce. Ta taɓa gaya mini cewa wasu magungunan feshin ƙwari danginsu ɗaya da waccan gubar, alamunsu ɗaya, maganinsu ma ɗaya. Na ji ta sarai, amma da yake daga bakinta maganar ta fito, sai na ƙi riƙewa.

Wata rana da hantsi, shinkafa ta fara ɗaukar ciki a fadama, aka kawo ƙanena a kan babur, maƙwabtan gonarsa biyu sun sa shi a tsakiya. Ni na goye shi yana yaro. Yana ta amai da gudawa, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Innarmu ta biyo su da kwalbar manja a hannu. A wurinmu duk wanda ake zaton ya ci wani mugun abu, manja ake ɗura masa, in babu a nemo nono. Inna ta riga ta ɗura masa rabin kwalbar tun a gida.

Na ce, "Inna, kwantar da hankalinki, amai da gudawa na, lokacinsu na." Na jawo ledar ruwa zan sa masa.

Amma idona ya ga abin da bakina bai faɗa ba. Yawu na ta zuba daga bakinsa, hawaye na bin kuncinsa alhali ba kuka yake ba, naman hannunsa na rawa shi kaɗai. Ƙirjinsa na ƙara kamar ana zuƙar kunu mai kauri. Ga wani wari a rigarsa. Zuciyata ta ce in kira yarinyar, tana nan ɗakin rigakafi, taku goma bai kai ba. Ban kira ta ba. Na tsaya ina neman jijiya a hannun ƙanena, na soka sau biyu ban samu ba, don kawai kada a ce na kasa a gaban mahaifiyata.

Salatin Inna ne ya fito da yarinyar. Ta ɗaga fatar idonsa, ta haska da fitilar wayarta. Ƙwayar idon ta tsuke ta koma kamar kan allura. Ta juya wajen mutanen da suka kawo shi.

"Hweshi yay yi?"

Ɗayansu ya nuna bayan ƙanena ya ce, "Tun da sahe shina hweshi, tankin na zuba ga bayanai."

Ta karɓe kwalbar daga hannun Inna cikin ladabi. "Inna, don Allah a aje manjan ga. In ya sarƙe shi, huhu zai tahi." Ta sa aka tuɓe masa riga, aka kawo ruwa da sabulu aka wanke masa jiki. Ta miƙo mini safar hannu ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Anti, atirofin." Wato allurar da ke busar da ruwan nan da ke neman shaƙe shi. Ta yi masa, ta saurari ƙirji, ta ƙara, ta sake saurara, ta ƙara. Ni kuwa ina gefe ina fasa kwalaben allurar ina miƙa mata kamar ɗaliba. Sai da ƙarar ƙirjin ta lafa sannan ta ce a nemo mota zuwa babban asibiti a Argungu.

Ya yi mako guda a kwance, ya tashi. Na gode wa Allah har na yi kuka. Amma ko a cikin godiyar, kishin bai bar ni ba. Da ma ta yi alfahari ne, da na samu abin riƙewa. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce, "Ni da Anti munka yi aikin." Wannan ya fi komai ci mini rai, don ni na san tsawon lokacin da na tsaya ban kira ta ba, ita ma ina jin ta sani.

Bayan girbi ƙafar Inna ta kumbura. Tunda na fara aiki, ko ciwon kai take yi ba ta yarda kowa ya ba ta magani sai ni. Na je gida da jakata, na durƙusa zan taɓa ƙafar. Sai ta janye ta a hankali, ta rufe da zane.

"Bari dai, ɗiyata, kin gaji. Gobe ki taho min da yarinyag ga ta duba ni."

Na ce to. Washegari na je da kaina na ɗauko ta.