Akwatin Ƙashin Inna a Hannun Kwastan na Jidda

Mun tashi da asuba daga Kano, bayan mun gaji da kwanan jiran jirgi a sansanin alhazai. Kowa da abin da ya rungume: wani buta, wani ƙullin kuka da daddawa, wata tsohuwa har da muciyarta. Ni kuwa akwatin Inna mai adon ƙashi ne a ƙirjina, naɗe cikin zane. Inna mahaifiyata ce, ta ba ni shi amana in kai wa yayanta, Kawu, wanda ya bi ayarin alhazan ƙasa tun yana ɗan saurayi, ya zauna a Jidda bai sake waiwayo gida ba. Bana aka aiko mana cewa jikinsa ya yi rauni. Ta ce, "A hannunsa za ka sa. Kada ka ba ɗansa, kada ka ba matarsa."

Akwatin nan duk gidanmu tsoronsa ake yi. An ce kakanninmu fatake suka zo da shi daga Tarabulus. Katako ne aka lulluɓe da sassaƙaƙƙen ƙashi, tsufa ya mai da shi ruwan ɗorawa. A jikinsa ga maharba da karnuka suna bin barewa, ga wani mai busa sarewa, amma duk an kankare fuskokinsu. A gindinsa kuma gidaje ne fari da baƙi a jere, sak hatimin malamai. Tun kafin a haife ni yake a kulle, ba mabuɗi, kuma in ka girgiza shi sai ka ji wani abu yana motsi a ciki. Mun tashi mun ji ana cewa asirin gida ne. Ɓarawon da ya taɓa kwashe ɗakin Inna har tasoshi, shi ma bai taɓa shi ba.

Jirgi ya yada zango a Hartum ya sha mai, aka raba mana kaza mai sanyi da wani burodi da ba ya jin haƙori. Da muka sauka Jidda sai zafi ya tarbe mu, mai danshi, kamar ka leƙa tukunyar dambu. Ni da nake taƙama da zafin Kano, nan take na ba da gari.

Muka shiga layin kwastan. A gabana aka kwance wa wani dattijo layu daga damtse aka jefa cikin durom. Da aka zo kaina, ma'aikacin, wani matashi mai ɗan gemu, ya warware zanen, ya juya akwatin, ya ga gidajen nan, ya girgiza. Ya kira tafinta, wani Bahaushe haifaffen garin, ya tambaye ni mene ne wannan. Ni kuma da wautata, wai kada in fara aikin hajji da ƙarya, na ce, "Asirin gidanmu ne."

Tafinta ya dafe kai. "Ya Hajji, a nan ƙasar ake faɗin haka? Ga shi ya ji ka ce asiri, a kunnensa kuwa sihiri ne, yana kallon bakina."

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Za su riƙe akwatin zuwa jibi. In ba a zo an buɗe an yi bayani ba, za a fasa a ƙone. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba: amanar da ta tsira daga Sahara da ɓarayi, ni na miƙa ta da bakina.

Washegari na nemi izinin jagoranmu na shiga gari neman Kawu. Jidda gari ne mai fuska biyu. Ga tsofaffin benaye masu tagogin katako da aka yi wa ado kamar aikin hula, ga dogayen motocin Amurka suna kutsawa tsakanin jakuna. Awakinsu takardar siminti suke ci, kuma sun fi namu ƙiba. Shayi rubu'in riyal ne, da na'ana'a a ciki. Akwai gurasar da suke kira tamis, faɗinta ya kai faifai, ana ci da dafaffen wake. Abokan tafiyata sun ce da daɗi, ni dai ban ji ɗanɗanon komai ba.

Unguwar Nuzla kuwa, inda Hausawa ke zaune, sai ka rantse Fagge ce. Lunguna matsattsu, ɗakunan kwano, mata na suyar waina a ƙofar gida, mai tsire na kira, "Yalla ya Hajji, zo ka taɓa!" Da na ambaci tsoho mai goro ɗan Kano, mutum uku suka nuna min ƙofa ɗaya.

Na sami Kawu a kan gadon igiya, ya rame, amma goshin Inna ne sak. Bayan gaisuwa da koke-koke, na sunkuyar da kai na faɗa masa abin da na yi. Ina jiran faɗa, sai na ji gado yana rawa. Dariya yake yi har da tari.

"Asiri? La haula! Ya waladi, ɗana, wa ya ce muku asiri ne?" Ya sa hannu a wuyansa ya zaro wani zare mai ɗan mabuɗi baƙi ƙirin. Ya ce wa babban ɗansa, "Yalla, nemo taksi."

Ni da ɗan nasa muka tallabe shi har ofishin kwastan. Mabuɗin ya ƙi juyawa sai da aka ɗiga masa man keke. Da na ji ƙas, na ja da baya ina karanta duk abin da ya zo bakina. Kawu ya zazzage akwatin a kan tebur. Ƙwallayen dabino ne, da guntayen kara.

Ya kife akwatin, ya shiga jera su a kan gidajen da muke kira hatimi. Ma'aikacin ya leƙo, sai ya fashe da dariya, ya ce ai irin wannan tsofaffi ke bugawa a wurin masu gahawa. Ya shafa fuskokin da aka kankare, ya ce kakanmu ya riga shi yin aikinsa na goge siffofin masu rai. Ya tura mana akwatin ya ce, "Halas," wato shi ke nan. Wallahi nan take na zauna a ƙasa daɓas ina hamdala, ko kunyar mutane ban ji ba.

A hanya Kawu ya ba ni labari. Ya taɓa ganin irinsa wurin wani mai sayar da kayan da a tsohuwar kasuwa, mutumin ya ce aikin Turawa ne na ɗaruruwan shekaru, don wasanninsu. Shi da Inna kuwa dara suke yi a kai a ɓoye suna yara. Ana gobe ayari zai tashi, ta kusa cinye shi, sai ya tattara 'ya'yan darar ya kulle, ya ce sai gobe a ƙarasa. Goben ce ba ta zo ba.

Kafin mu wuce Madina na yini a Nuzla, tsohon da aka ce ba ya iya zama ya zauna ya yi min cin kaca a dara. Muka sauke farali lafiya, na dawo na yi masa sallama, ya damƙa min mabuɗin ya ce akwatin ba zai sake kulluwa ba.

Da la'asar muka sauka Kano. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne ka tambayi tsohonka tun yana da bakin amsawa. Don haka da mutane suka watse na tambayi Inna me ya sa ta bar mu muna tsoron kayan wasa.

Ta ce, "Da na ce kayan wasa ne, da tuni kun sayar wa 'yan koli." Sannan ta rage murya. "Ya buɗe?"

"Ya buɗe, Inna." Na sa mata mabuɗin a tafin hannu. "Ya ce in faɗa miki, ke kika ci."

Ta daɗe tana kallon mabuɗin. Ta ce, "Ai na sani. So nake ya faɗa da bakinsa." Sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta.