Wa Ya Tsige Shi?

Mahaifina ne ya kafa ƙungiyar 'yan garinmu a Bronx, cikin birnin New York, shi ne kuma shugabanta tun ina firamare. In an yi rasuwa shi ake fara bugo wa waya, in baƙo ya sauka bai san kowa ba, a falonmu na unguwar Parkchester yake kwana. Kwatsam wata Juma'a mijina ya dawo daga masallaci ya ce samarin ƙungiya sun gama shiri, a taron bayan Sallah za su tsige Baba a bainar jama'a. Wai ya tsufa, wai ya mai da kujerar gadon gidansu. Raina ya ɓaci, na wanke su tas ina tsaye a kicin, amma na san ba duka suka yi ƙarya ba.

Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, Uwata yake kirana, don haka ina faɗa masa abin da yayyena ba sa iyawa. Sai dai Baba ba a tunkararsa gaba da gaba. Ranar da ba ni da aiki a asibiti na ce ya raka ni cikin gari. Muka hau jirgin ƙasa, na ja shi har Wall Street, gaban mutum-mutumin shugaban Amurka na farko. Lokacin da yake kasa kaya a Canal Street ya sha wucewa ta wurin, bai taɓa tambayar ko na wane ne ba.

Na kwashe abin da aka koya mana a makaranta na faɗa masa. A nan aka rantsar da mutumin, lokacin New York ce babban birnin ƙasar. Ya yi wa'adi biyu, babu dokar da ta hana shi na uku a zamanin, jama'a ma suna so, amma ya tattara nasa ya nasa ya koma gonarsa.

"Wa ya tsige shi?" in ji Baba.

Na ce babu. Ya ce to soja ne suka ture shi, suka rufa masa asiri. Na ce, "Baba, ai shi ne babban sojan."

Ya daɗe yana kallon mutum-mutumin, sannan ya dube ni, na tabbata ya harbo jirgina. Ya ce tun yana talla baƙaƙen fatan ƙasar nan suka gaya masa shugabansu na farko bayi gare shi. Na ce haka ne, su ne ma suke noma gonar, kuma ba zan wanke shi a kan wannan ba.

"To kin gani. Shi yana da inda zai koma. Ni in na sauka, Uwata, in koma ina?"

Wallahi sai da tausayinsa ya kama ni. Amma ban zo don in yi kuka ba. Na ce sauka dai babu makawa, abin da ya rage a hannunsa shi ne da ƙafarsa zai sauko ko janyo shi za a yi. Ya juya ya nufi tashar jirgi, na bi shi muka koma gida.

Ranar taro, ana shafa addu'ar buɗewa ya miƙe, ya ce ya gode, ya gaji, a zaɓi wani. Can sai wani ya ɗaga murya ya ce tazarce, saura suka ɗauka. Na leƙa daga ɓangaren mata, su waye? Samarin nan ne dai, kunya ta kama su, suna yi masa kara. Fuskar Baba ta washe, ni kuwa na san in ya amsa, kafin azumi ya zagayo za su ci masa mutunci. Ya ɗaga hannu suka yi shiru, ya ce magana ɗaya yake yi, ya koma sahun dattawa ya zauna.

A hanyar gida ya rage tafiya har na cim masa, ya tambaye ni a hankali ko da gaske yaran nan suke da suka ce tazarce.

Na ce, "Da gaske suke, Baba. Tunda ka sauka."