Yadda Na Rage wa Surukina Gudu a Doha

Asabar: Haɗeja zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, motar da maigidana Malam ya yi mini shata ta tsaya a ƙofar gida. Akwati biyu na ɗauka. Ɗaya na tufafina, ɗaya kuwa kanwa ce da yajin jego da daddawa da kuka da busasshen ganyen darbejiya. Autata Sadiya ce ke da tsohon ciki a Doha, inda mijinta Injiniya Kabiru yake aiki a kamfanin iskar gas. Tun da aka kai ta, korona ta rufe hanya, shekara biyu da wani abu ban sa ta a ido ba sai ta waya. Tun da ba za ta samu zuwa wankan gida ba, ni na bi ta da gidan.

Abin dariyar shi ne, a wannan watan ba a shiga Qatar sai da katin 'yan kallon gasar cin kofin duniya. Dole Injiniya ya sayo mini tikitin wasa. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, goma sha biyu ina hedimasta, ina ƙwace ƙwallon yara a bakin aji, yau ga ni 'yar kallo a takarda. Malam yana rufe mini ƙofar mota ya ce, "To, Hajiya, a gaida 'yan wasa."

Mun karya da ƙosai a Ringim, mun wuce shinge uku, tara da kwata muna Kano. Jirgi ya tashi biyar na yamma, ya yada zango a Abuja, sannan ya miƙe da mu awa bakwai.

Lahadi: Filin jirgin Hamad zuwa Bin Omran

Mun sauka gari na wayewa. Na riƙe katin rigakafina gam, babu wanda ya tambaye ni shi. Kanwa ce ta tsayar da ni: ma'aikacin kwastan ya ɗaga ta, ya shinshina, ya dube ni. Na shafa cikina, na yi alamar renon jariri. Ya yi murmushi ya ce, "Khalas, Mama, yalla." Wato an gama, in wuce.

Sadiya na gani da fari, ta yi nauyi, ƙafafu sun kumbura. Muka rungume juna muka sha kukanmu. Injiniya ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, kansa a sunkuye. A bakin mota aka yi cirko-cirko. Sadiya ba ta iya zaman gaba, sai ta miƙe ƙafa a baya. Ke nan ni ce a gaba, kafaɗa da kafaɗa da surukina. Na ja mayafi na juya fuska wajen taga, shi ma ya kafe ido a titi.

Ba mu yi minti biyar ba wani abu ya tsala ƙara a gabana: ƙit-ƙit-ƙit-ƙiiit! Na dafe ƙirji ina salati. Wani ɗan baƙin abu ne kamar sabulun wanka, manne a gilashin gaba, da igiyarsa ta sauko zuwa ramin caji.

Na ce, "Sadiya, tambayi mijinki mene ne wannan."

Yana jina, amma sai da ta maimaita. Ya ce, "Ki gaya wa Mama na'ura ce mai jiyo kyamarar kama masu gudu tun daga nesa. In ta yi kuka sai in rage."

Daga baya Sadiya ta ba ni sauran labarin. A ƙasar, in ka wuce ƙa'ida sosai maki ake rubuta maka, in sun taru a karɓe lasisi. Na Injiniya sun kusa cika. Wani abokin aikinsa da zai koma ƙasarsu ne ya bar masa na'urar. Kilomita ashirin ne zuwa gidansu a unguwar Bin Omran, amma na lura: tsakanin kuka da kuka, yaron nan tashi sama yake yi.

Talata: Kanti da littafin na'ura

Mun fita sayen baho da tukunyar dafa ruwan wanka. Na'urar nan ta hana mu sakat. Mu wuce kanti ta yi kuka, mu wuce gidan mai ta yi kuka, ko muna tsaye a danja sai ta yi. Injiniya ya yi ta danne-danne yana tsaki a hankali.

Da ya shiga masallaci sallar la'asar ya bar mana mota a kunne saboda sanyi, na buɗe aljihun gaban mota neman hankici, sai ga ɗan littafin na'urar, ko ledarsa ba a ɓare ba. Na sa tabarau. Ashe maɓallai huɗu ne kacal. Na farko kunnawa da kashewa, na biyu ƙara murya ko ragewa, na uku yi mata shiru na ɗan lokaci, na huɗu kuma shi ke kai ka cikin saituna. A nan na ga tana da hali biyu: na babbar hanya, inda take buɗe kunne ta jiyo komai, da na cikin gari, inda take kau da kai daga ƙananan abubuwa. Ƙofofin kantunan nan masu buɗe kansu su take ji tana ɗauka kyamara ce. Na danna na huɗu sau biyu, na mayar da ita halin gari, na rage murya zuwa uku.

Muka taho gida tsit. Injiniya ya dubi na'urar, ya ɗan buga ta da yatsa. Sadiya ta ce, "Ba lalacewa ta yi ba, Mama ce ta gyara." Ya ce, "Ikon Allah! Wata takwas ina fama da ita." Ya tsaya ya sayo mana shayin karak, riyal ɗaya kofi, ya miƙo mini da hannu biyu.

Da na tsaya a nan da babu labari. Amma a shafi na tara na ga wani saiti: kana iya yanka wa mota iyakar gudu, in ta wuce, na'urar ta yi kuka ko da kyamara ko babu. Har sautin kukan kai ke zaɓa. Na tuna yadda Sadiya ke riƙe ciki duk lokacin da ya sha kwana. Ni ba zan iya buɗe baki in yi wa suruki faɗa ba, ita kuma ta gaji da faɗa. Washegari yana banɗaki na ce Sadiya ta ba ni makulli, na manta carbina a mota. Na sa tamanin, na zaɓi sauti iri ɗaya da na kyamara. Ko ita ban gaya wa ba.

Kwana tara na zaman lafiya

Tuƙi ya yi daɗi. Da ya taɓa tamanin da ɗaya, ƙit-ƙit-ƙit, sai ya ɗaga ƙafa. Na ji shi a waya yana gargaɗin abokansa: "Wallahi ku yi hankali, saboda gasar nan sun zuba kyamarori ko'ina, har waɗanda ido ba ya gani. Ko me allo ya ce, da ka wuce tamanin sun kama ka." Na shige kicin na toshe baki da mayafi.

A cikin kwanakin ne na je kallon nawa. Matar maƙwabcinsu, 'yar Zariya, ta raka ni a jirgin ƙasa, muka canja jirgi a tashar Mushairib cikin mutane masu fentin fuska da ganguna. Wasan rana ne. Ban gane wa ke cin wa ba, duk wanda ya faɗi dai ina yi masa sannu.

Juma'a: Alkhor da dawowa

Wani likita ɗan Sakkwato, Dakta Bello, ya gayyace mu cin tuwo a Alkhor, kilomita hamsin arewa da Doha. Saura mako biyu a lissafin haihuwa, Sadiya ta ce ta gaji da zaman ɗaki. Mun tashi goma na safe. Titi shimfiɗe, layi-layi, allo na cewa ɗari da ashirin, mu muna tafe saba'in da takwas, manyan motoci na wuce mu.

Bayan masallaci, ana cin abinci, Injiniya ya kawo zancen sababbin kyamarori. Dakta ya ajiye cokali ya ce, "Wace sabuwar kyamara? Kullum nake bin hanyar nan. Kai, tsaya ma, na'urar jiyo kyamara gare ka? Ka san doka ta hana ta a ƙasar nan? In aka gan ta, lasisin da kake tattali shi zai fara tafiya." Injiniya ya ce da mun koma gida zai cire. Ni kuwa na sunkuyar da kai a kan tuwona.

Uku da minti goma, muna shirin sallama, Sadiya ta kama hannuna a ɗakin matar gida. "Mama, bayana." Kafin in amsa faya ta fashe. Dakta ya yi mata tambayoyi, ya ce haihuwar fari ce, akwai lokaci, mu kai ta asibitin da take awo a Doha, amma kada mu yi wasa.

Muka hau titi. Tamanin da ɗaya: ƙit-ƙit-ƙit! Ya rage. Ya sake takawa, ta sake tsalawa, ya sake ragewa. Gumi na zuba a wuyansa. A baya Sadiya na murƙususu tana kiran sunan Allah. Ya ce, "Sadiya, yi haƙuri. In suka tsayar da mu ko suka kama motar, mun fi daɗewa."

Na duba allon hanya, na duba 'yata. Kunya dai ba ta karɓar haihuwa.

Na ce, "Kabiru."

Tun da ya auri 'yata ban taɓa kiran sunansa ba. Har motar sai da ta ɗan karkace.

"Babu kyamara. Ni ce. Ni na sa mata tamanin."

"Na'am, Mama?"

"Ni na saita ta, tun ran Laraba. Taka motarka."

Na kai hannu in gyara, ga tabarau na can cikin jaka a but ɗin mota. Na danna abin da nake zaton na huɗu ne, murya ta haye har ƙarshe. Na sake dannawa, wata mata ta fara magana daga ciki da wani yare da ban taɓa ji ba. Sadiya, tana tsakiyar naƙuda, ta ce, "Mama, don girman Allah ki kashe matar nan!" Na kama igiyar na fizge. Shiru.

Na ce, "Ga allo can, ɗari da ashirin. Ka kai, kada ka ƙara ko ɗaya. Ni ce na'urarka yau." Na kafa ido a kan agogon gudu. In allura ta ɗan gota in ce "Kabiru," ya sassauta. Muka wuce kyamarori na gaske guda huɗu, babu wadda ta ƙyafta mana. Huɗu saura minti biyar muna ƙofar asibiti.

Ana kiran magariba ta sauka lafiya, mace. Da wata ma'aikaciya ta fito da albishir, Injiniya ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Can ya ɗago, hawaye a ido, sai dariya ta ƙwace masa. "Mama, mutum goma sha ɗaya na gaya wa an ƙara kyamarori. Akwai wanda ya fasa zuwa garin Dukhan saboda ni." Na ce, "Allah ya ba su ladan tafiya a hankali. Ni dai ka yafe mini." Ya ce shi ne da neman gafara.

Arba'in, da hanyar gida

Na'urar ya cire ta a daren, ya jefa a kwandon shara na asibiti. Ni kuma na shiga aikin da ya kawo ni: ruwan zafi safe da yamma a banɗakin bene, kunun kanwa, gashin jaririya. Ran suna 'yan Arewa suka cika gidan, aka raɗa mata Halimatu, sunan mahaifiyarsa, muna kiranta Amira.

Da muka yi arba'in, shi kaɗai ya kai ni filin jirgi da hantsi. Wannan karon hira muka yi tun daga Bin Omran, babu ɗan aike a tsakani. Wajen sallama ya ce, "Mama, har yanzu in Amira na cikin mota na kai tamanin, sai in ji ƙit-ƙit a kunnena." Na ce, "Wannan ba ni na saita ba. Haihuwa ce, kuma ba ta da maɓallin kashewa."

Na kwana Kano wajen ƙanwata, washegari sha ɗaya da rabi na safe ina tsakar gidana, jikoki na rige-rigen buɗe akwatin dabino. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya raba 'yata da cikinta lafiya. Ina gode wa Dakta Bello da iyalinsa, da maƙwabciya 'yar Zariya, da surukina mai haƙuri. Mutum goma sha ɗayan nan kuma, in wannan rubutu ya iske ku, ku yafe wa tsohuwa, amma kada ku ƙara gudu.