Peirona Mai Awaki da Ƙanenta Barde

Duk wanda ya tashi a kwarin Rocabela ya san sunan Barde Aimeric, amma tsofaffi ne kawai ke tuna Peirona mai awaki, wadda ta girme shi da wata huɗu. Uwarta ce ta shayar da su duka biyun, domin mahaifiyar Aimeric ta rasu wajen haihuwarsa. Shi ya girma ya sa sulke, ya durƙusa a coci ya rantse wa ubangidansa Bertran zai bi shi har mutuwa. Ita kuwa tana nan a bukkar uwarta a gindin dutse, tana tatsar awaki tana yin cuku. In ya wuce maza na cire hula, amma ita Kunnuwa take kiransa, saboda tun yana jariri kunnuwansa fato-fato suke.

Shekarar da aka yi yaƙi da Odon, mai mulkin ƙetaren kogi, aka kama Aimeric. Yana tsare sai uwar Peirona ta kwanta ciwon ajali. Ya roƙi Odon kwana bakwai, ya yi alkawari zai dawo, aka sake shi ba ɗan rakiya. Ya iske tsohuwar da sauran numfashi, ya riƙe hannunta har ta cika, da hannunsa kuma ya haƙa kabarinta.

Ran kwana na biyar Peirona ta same shi yana gyara sirdi.

"Sai ina, Kunnuwa?"

"Inda na fito, Yaya."

"Kurkukun? Da ƙafarka? Ubangidan naka ko aike bai yi ba a ji lafiyarka."

"Na ce zan koma."

"To ka ce ka fasa mana. Ba bakinka ba ne?"

Ya yi dariya ya ci gaba da gyaran sirdinsa. Da yamma ta kora dokinsa daji, ta tura takalmansa ƙarƙashin tukunyar madara. Da safe ya duba bai gani ba, bai kuma tambaya ba. Ya ɗauki sandar kiwonta ya kama hanya ba takalmi. Tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon yadda yake ɗingishi a kan tsakuwa har ya sha kwana. Sai ta ja tsaki, ta kwance jakinta, ta ɗora masa takalman da cuku da burodin sha'ir da albasa, ta bi shi.

"Hau," ta ce da ta cim masa, "kafin ka kashe ni da haushi."

Haka suka isa ƙofar Odon ran kwana na bakwai, barde a kan jaki ƙafafunsa na jan ƙasa, mace na gaba riƙe da igiya tana faɗa. Masu gadi suka yi ta dariya. Odon bai yi ba. Ya sa aka ba Aimeric ɗaki mai taga, ya ce duk ran da matar nan ta zo a buɗe mata. Daga baya mawaƙa suka ce a kan farin doki ya koma, kuma duk wanda ya rera haka a kasuwa sai Peirona ta tsayar da shi ta gyara masa.

Shekara uku tana ƙetare kogin nan duk tsayuwar wata da kwandon abinci. Da aka yi sulhu aka sake shi, bai zame ko'ina ba sai gidan Bertran. Peirona ta yi hunturu guda ba ta ce masa kanzil ba, sai dai cukun bai fasa zuwa ba. Da ciyawa ta fito ya zo ya zauna a bakin garken.

"Na san Bertran ba shi da kirki, Yaya. Amma na riga na rantse."

"Kai dai Allah ya ba ka kunnuwa ya hana ka ji," ta ce, ta miƙa masa ƙwaryar madara.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka aka kashe shi a mashigin kogi, inda ya tsaya ya tare abokan gaba har mutanen Bertran suka haye. Peirona ta ture bayin gidan Bertran, ita ta wanke gawar. Bertran ya shigo yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ta dube shi ta gaya masa duk abin da ta daɗe tana ƙunshe da shi, ba ta rage ko ɗaya ba, shi kuma ya sunkuyar da kai yana saurare. Da ta gama ta lura bai ci komai ba tun jiya, sai ta yanka masa burodi.

Aimeric ya bar matarsa da 'ya guda, Alazais, ba gona ba gida. Peirona ta kawo su bukkarta, ta koya wa yarinyar tatsa da yin cuku, ta aurar da ita ga wani maƙeri mai haƙuri. Ta ƙara shekara ashirin a duniya, ta rasu lokacin girbin inabi, 'ya'yan Alazais huɗu na zaune kewaye da shimfiɗarta.