Ƙafar Motar Baba Lallaɓa

Shekara goma sha tara Baba Lallaɓa yana kawo mini mota ɗaya gareji, ban taɓa ganin ta zo da raunin da direba ya ja mata ba. Sai abin da tsufa ya cinye: roba ta bushe, bel ya saki, birki ya sule. Direbobin tasha ne suka laƙaba masa sunan, don yadda yake shiga rami kamar mai tsallake jaririn da ke barci. Bai taɓa jin haushinsu ba.

"Ku yi ta dariya," yakan ce. "Ni mutum nake ɗauka, ba buhu ba."

Direban wani likita ne tun yana saurayi. Shekara talatin da ɗaya yana kai shi asibiti yana dawo da shi, likitan yana kujerar baya yana rubutu a kan gwiwa, mota na tafiya. Da likitan ya yi ritaya zai koma wurin 'ya'yansa, ya miƙa wa Baba makulli a bakin ƙofa ya ce motar ta zama tasa. Fara ce mai ƙofa huɗu, mai taushin ƙafa, in ta hau gargada sai ka ji kamar lilo take maka. Kullum da safe shi yake wanke ta da hannunsa. Kowace Alhamis ya kai matarsa asibiti, don ta daɗe tana fama da ciwon ƙugu.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ɓoye na ɗan lokaci, har ranar da ya goge ginshiƙin ƙofar gidansa da bamba. A ranar ya kira autansa, wanda shi kaɗai ya rage a gida cikin 'ya'ya shida, yana aiki a ofishin wani kamfanin waya. Ya ba shi makulli da sharaɗi biyu: kada Alhamis ta wuce bai kai uwarsa asibiti ba, kada kuma wani bakanike ya taɓa motar in ba ni ba.

Ba zan yi wa Auta sharri ba, yaro ne mai ladabi. Wata shida ya riƙe sharuɗɗan nan. Daga nan abokan aikinsa suka ja shi wani tsohon filin jirgi a bayan gari, inda masu son gudu suka jera tayoyi suka fitar da hanya, duk Asabar suna zagayawa ana duba musu lokaci. Ya shiga da motar ubansa, ya zo na ƙarshe. Aka ce duk kwanar da ya sha sai motar ta kwanta gefe kamar kwalekwale, har wani ya tambaye shi ko ya manta da tsohuwa a baya.

Bayan mako uku ya shigo garejina da kwalaye. Shokazoba ne guda huɗu masu zare, da ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta, da gajerun sifirin masu tauri, da wani kakkauran ƙarfe da ke hana mota kwanciya a kwana, da robobi masu taurin dutse.

"Kawu, mai kayan ya ce za ta yi titi, za ta yi fili. Litinin ofis, Asabar tsere."

"Baba ya sani?"

"Na gaya masa za a yi aikin ƙafa."

"Aikin ƙafa daban, wannan daban."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce in ba zan yi ba, akwai wani gareji da zai yi. Wannan ce hujjar da nake ba mutane har yau, cewa gara hannuna da hannun wani. Gaskiyar ita ce, tun ina yaro nake cire ruɓaɓɓe ina sa sabo, ba a taɓa kawo mini aiki irin wannan ba. Tun da na buɗe kwalin farko hannuna ke ƙaiƙayi.

Kwana uku na yi a ƙarƙashinta. Na auna kowace kusurwa da tef, na murɗa, na sauke, na sake aunawa. Wurin zaman shokazoba na baya bai dace ba, na yanka na yi walda. Da na gama, motar ta sauka da faɗin yatsa huɗu. Na fita gwaji, na sha kwanar bayan kasuwa da gudun da ban taɓa gwadawa ba, ta manne wa kwalta ko gezau. Ni kaɗai a ciki ina dariya.

Alhamis ta farko, ba su kai rabin hanya ba uwar ta ce a sauke ta. Duk ramin da taya ta faɗa, a ƙugunta take jin sa. Daga ranar ta koma motar haya. Ƙofar gida ma ta gagara, cikin motar sai ya daki tudun da ke bakinta, dole aka riƙa barin ta a waje tana shan rana da ruwa.

Baba ya sa Auta ya kawo shi gareji. Ba ya gani sosai a lokacin. Ya lalubi gefen motar, ya dafa da hannu biyu ya danna, yadda yake yi kullum in zai gwada ƙafa. Ko motsi ba ta yi ba. Ya sake dannawa.

"Ɗana," ya ce da ni, "mota ce wannan ko benci?"

"Baba, ana iya sassautawa."

"Kai ka yi?"

"Ni na yi."

Na sassauta iyakar yadda zare ya ba ni, amma ba ta koma kusa da yadda take ba. Auta kuwa duk Juma'a ya matse, Litinin ya manta bai sassauta ba.

Da aka yi wa Baba aikin ido, likita ya ce kada a jijjiga shi har mako biyu. Auta ya je ɗaukar sa, yana ta rantsuwa zai tafi a hankali. Suna hawa tudun rage gudu na farko, Baba ya ce a tsaya. Ya fito da auduga a ido, ya tsaya a bakin titi, mutane na kallo, yaron na roƙon sa kamar zai yi kuka.

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa sauke mutum a hanya ba," in ji shi. "Yau ga shi motata ta sauke ni. Tare mini tasi."

Idon ya warke tas. Wata Asabar ya ce in kai shi filin ya ga abin da aka lalata masa mota a kansa. Muka tsaya bayan tayoyi, rana na dukan mu. Mota goma sha biyu, Auta ya zo na uku. Baba bai kalli komai ba sai babbar kwanar da ke gabanmu.

"Ka gani? Ya gama da birki kafin ya shiga," ya ce a hankali. "Bai fizgi sitiyari ba. Yaron nan ya iya."

"Ka faɗa masa mana, Baba."

"In faɗa masa ya ƙarasa mini motar?"

Muka tafi tun kafin yaron ya cire hular kwano. Bai taɓa faɗa masa ba.

Sau ɗaya Baba ya gwada tuƙa motar. Ya kai ƙarshen layi ya juyo, ya fito yana gumi. Ya ce kafin ya motsa hannu ta riga ta juya, ba ta jiran mutum. Ya nemi in mayar da tsofaffin kayan. Na gaya masa na yanka, sai an yi babban aiki. Auta ya roƙi a bari ya gama gasar shekarar. Ba a kai ga gamawa ba kamfani ya tura shi wani gari. Ya tafi da motar, da alkawarin zai sayo wa mahaifinsa wata mai taushi da zarar ya zauna.

Shekara biyu ke nan. Yana aike, yana kira, yana turo hotunansa riƙe da kofi. Motar ce dai ba ta iso ba. Baba ya daina shigowa garejina. In mun haɗu yakan amsa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya wuce. Da zagina ya yi, da na fi jin sauƙi.

Watan jiya na je ofishin lasisi, na hange shi a layi cikin samari, riƙe da takardu a leda. Ya sabunta lasisinsa. Ya ce ya karanta allon gwajin ido har layin ƙasa, ma'aikaciyar ma ta yi mamaki.

"Baba, an samu mota ne?"

"A'a. Ya kusa ƙarewa ne."

Na ce ya zo in rage masa hanya. Ya ce na gode, ɗana, bas na nan zuwa. Na zauna a motata ina kallon sa ta madubi, har bas ɗin ta zo a cike. Kwandasta ya ja shi ciki, direban ya fizga tun bai gama zama ba.